Yadda Ake Haɗa Wufa Mai Koyil Biyu Ba Tare da An Ƙona Amfilifaya Ba

Idan ka juya wufa, wato sifikar bas irin ta mota, ka ga wurin ɗaura waya huɗu maimakon biyu, ja biyu baƙi biyu, to mai koyil biyu ce a hannunka. A cikinta an naɗe waya biyu daban-daban a kan bututu ɗaya, kowace da ƙafafunta, kuma takardar sifika ɗaya suke turawa. Amfanin wannan tsari shi ne zaɓi. Da sifika ɗaya kana iya ba amfilifaya lodi iri biyu, gwargwadon yadda ka haɗa ƙafafun nan huɗu. Amma zaɓin ne kuma ke jefa sabon hannu cikin asara, domin haɗin da wata amfilifaya za ta ɗauka ba tare da ta ji komai ba, wata ko minti goma ba za ta yi da shi ba sai ta ɗauke. Shi ya sa aikin daga amfilifaya yake farawa. Sai ka san abin da take iya ɗauka kafin ka taɓa waya.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Mita ta dijital wadda ke auna om, wato ma'aunin lodin sifika, da bolt. Ko mai araha ce ta wadatar, muddin batirinta yana da ƙarfi, domin mitar da batirinta ya yi sanyi ƙarya take yi a ƙananan lambobi.

Batirin tocila ƙarami mai bolt 1.5, da guntayen waya biyu.

Wayar sifika ta tagulla, mai laushi, kauri 2.5 mm². A kan kwalin kayan waje za ka ga an rubuta geji 14 ko 12, duk kusan abu ɗaya ne. Idan wat ɗinka ya kai dubu, ɗauki mai kauri 4. Ka yi hattara da wayar da aka yi da alminiyom aka shafe ta da ruwan tagulla. Ba ta da nauyi a hannu, kuma idan ka kankare siliyarta da wuƙa za ka ga fari a ciki. Wutar da take wucewa da ita ba ta kai kashi biyu cikin uku na tagulla ba. In ita kaɗai ka samu, ka ƙara kauri.

Filaya, abin feɗe waya ko reza, sukuddireba, dalma da ƙarfen narka ta, baƙin salatif, sai takarda da biro. Kada ka raina biron nan. Zanen haɗi a takarda kafin ɗaura waya yana rage rabin kuskure.

MATAKI NA 1: KARANTA AMFILIFAYA

Nemi lamba ɗaya a littafinta ko a jikinta: mafi ƙarancin om da take ɗauka. Za ka ga an rubuta abu kamar wat 300 a om 4, wat 500 a om 2. Inda jerin ya tsaya, nan ne iyakarta. In bai ambaci om 1 ba, kada ka kai ta om 1, ko da mai shago ya rantse cewa tana ɗauka.

Dalilin mai sauƙi ne. Duk lokacin da om ya ragu, wutar da sifika ke zuƙa daga amfilifaya ƙaruwa take yi. Ka raba om biyu, wutar ta ninka. Wannan ita ce ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827, kuma sunansa ne aka laƙaba wa ma'aunin. Amfilifaya ba ta jin tsoron om mai yawa, iyaka dai ƙarfin da za ta bayar ya ragu. Om kaɗan shi ne ke dafa ta.

Wat ɗin da za ka yi aiki da shi shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa. Wanda aka buga da manyan haruffa a kwali, MAX ko PMPO, na talla ne, ka wuce shi.

Sannan ka tantance irin amfilifayar. Mai canel ɗaya, wato mono, galibi an yi ta ne don wufa, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗaukar om 2, wasu har om 1. Idan ka ga tana da wurin ɗaura sifika biyu, kada ka ɗauka canel biyu ne. A ciki a haɗe suke, an ƙara ne don sauƙin ɗaura waya. Ka sa om 2 a wannan ka sa om 2 a wancan, abin da take gani om 1 ne.

Mai canel biyu kuwa, idan za ka haɗe canel ɗin su zama ɗaya, abin da ake kira birij, to kowane canel rabin lodin yake gani. Wadda ke ɗaukar om 2 a kowane canel, om 4 ne iyakarta a birij. A nan ne amfilifayoyi da yawa ke mutuwa: mutum ya ga an rubuta om 2 a jiki, ya yi birij, ya ba ta om 2, alhali kowane ɓangare om 1 yake ɗauke da shi.

MATAKI NA 2: AUNA KOWANE KOYIL DABAN

Duba bayan maganaɗisu. Kamfanoni irin su Pioneer, Alpine da Rockford Fosgate sukan saka D2 ko D4 a cikin lambar samfurin. D4 na nufin koyil biyu, kowanne om 4. D2 kuma kowanne om 2. Amma rubutu daban, abin da ke ciki daban, musamman idan wufar ta hannu ce ko an taɓa sake mata naɗi. Mai naɗi yakan yi amfani da wayar da ya samu, sai D4 ta koma wani abu da ba shi a littafi. Auna kawai.

Kwantar da wufar a rigingine a kan tebur, a wurin da babu iska ko jijjiga, kada kuma ka taɓa takardar. Motsi kaɗan yana sa lambar mita ta yi ta rawa, saboda koyil da ke motsi a cikin maganaɗisu shi ma wuta yake haifarwa. Cire duk wata guntuwar waya da ka tarar an riga an ɗaura tsakanin ƙafafun.

Juya mita zuwa alamar Ω, a kan 200. Fara haɗa bakunan mitar da junansu ka ga abin da za ta nuna, sau da yawa 0.2 zuwa 0.5. Wannan na wayoyin mitar ne, ka riƙa cire shi daga duk abin da ka auna.

Yanzu ɗora bakunan a kan ja da baƙin koyil ɗaya. Koyil mai om 4 yakan nuna wajen 3.2 zuwa 3.8, mai om 2 kuma wajen 1.6 zuwa 1.9. Ba lalacewa ba ce. Mita da wutar batir take aunawa, wadda ba ta kai-da-komo, ita kuwa lambar da aka rubuta a jiki ta lokacin kiɗa ce. A lokacin kiɗan ma ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sautin da kuma akwatin da aka sa wufar. Abin da kake nema shi ne koyil biyun su yi kusan daidai da juna. In ɗaya ya nuna 3.6 ɗaya ya nuna 2.1, na biyun ya soma ƙonewa, naɗinsa ya manne.

A yawancin wufa koyil ɗaya yana gefe guda, ɗayan yana ɗaya gefen. Wasu kuma an jera ƙafafun huɗu wuri ɗaya, sai mita ta raba maka gardama: ƙafafu biyun da suka ba da lamba su ne na koyil ɗaya. Tsakanin koyil da koyil kuwa bai kamata mita ta nuna komai ba, sai OL ko lamba 1 a gefen hagu. In ta nuna lamba, koyil biyun sun haɗe a ciki, wufar sai wajen mai naɗi. Manna salatif ka rubuta A a ɗaya, B a ɗaya.

MATAKI NA 3: LISSAFIN, DAIDAI ABIN DA KAKE BUƘATA

Haɗi iri biyu ne kawai, duk sauran cakuɗa su ne.

Siris shi ne wuta ta shiga koyil na farko, ta fita, ta shiga na biyu, sannan ta koma amfilifaya. A nan tarawa ake yi: 4 da 4 sun zama 8, 2 da 2 sun zama 4.

Faralel shi ne kowane koyil ya sami wuta kai tsaye, ja da ja, baƙi da baƙi. A nan rabawa ake yi: ka ɗauki om na koyil ɗaya ka raba da yawan koyil ɗin. Biyu masu om 4 sun zama 2. Huɗu masu om 4 sun zama 1. Kamar fitar jama'a daga masallacin Juma'a ne, in an buɗe ƙofa ta biyu mutane sun fi saurin fita. Wannan rabawar tana aiki ne idan duk om ɗinsu ɗaya. In sun bambanta, ka ninka lambobin biyu da juna ka raba da jimlarsu: 4 da 2 za su ba ka 8 a raba da 6, wato 1.33.

Idan wufa ta wuce ɗaya, lissafin hawa biyu ne. Fara fitar da om na kowace wufa bayan ka haɗa koyil ɗinta, sannan ka ɗauke ta kamar sifika mai ƙafa biyu ka haɗa ta da 'yar'uwarta.

MATAKI NA 4: ZAƁI HAƊIN DA YA DACE

Ga abin da kowane tsari ke bayarwa.

Wufa ɗaya D4: siris om 8, faralel om 2.
Wufa ɗaya D2: siris om 4, faralel om 1.
Wufa biyu D4: komai faralel om 1, koyil siris, wufa faralel om 4, komai siris om 16.
Wufa biyu D2: komai faralel om 0.5; koyil siris, wufa faralel om 2; komai siris om 8.
Wufa uku D4: koyil siris, wufa faralel om 2.67, komai faralel om 0.67.
Wufa uku D2: koyil siris, wufa faralel om 1.33.
Wufa huɗu D4: koyil siris, wufa faralel om 2, komai faralel om 0.5.
Wufa huɗu D2: koyil siris, wufa faralel om 1.

Dubi jerin da kyau za ka ga abin da ke ba mutane mamaki. Wufa ɗaya D4, in an haɗa koyil biyun, ba ta taɓa ba da om 4. Wufa biyu D4 ba sa ba da om 2. Wanda ke da amfilifaya mai iyakar om 2 kuma yana son wufa biyu, D2 ya kamata ya saya. Da za a riƙa yin wannan lissafi kafin a je kasuwa, da rabin matsalar ba ta taso ba.

Ka zaɓi lambar da ta yi daidai da iyakar amfilifayarka ko ta ɗara ta. Om 2.67 a kan amfilifaya mai iyakar 2 lafiya lau ne. Om 1.33 a kanta ganganci ne.

Wufa biyu D4 suna iya ba da om 4 ta wata hanyar kuma, wato koyil faralel, wufa siris. Lambar ɗaya ce, amma ni na fi son siris ya tsaya a cikin wufa, faralel ya kasance tsakanin wufa da wufa. Wufa biyu ba sa taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari, kuma idan suna jere a siris motsin ɗaya yana shafar abin da ɗayar ke samu.

Wata magana da samari ba sa son ji: ba dole ne ka matse amfilifaya har iyakarta ba. Sauka daga om 2 zuwa om 1, ko da wat ya ninka cif, ƙarin desibel 3 kawai yake kawowa. Ana jin sa, amma ba ninkin ƙara ba ne a kunne. Abin da za ka biya kuwa zafi ne da jan batir. But ɗin motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, ya riga ya gasa amfilifaya tun kafin a kunna ta. Motar da ake hawa kullum, om 2 ya fi mata kwanciyar hankali.

MATAKI NA 5: ƊAURA WAYOYIN

Kafin komai, cire kan batirin mota na mainos.

Faralel a wufa ɗaya: yanki guntuwar waya ka haɗa jan A da jan B. Yanki wata ka haɗa baƙin A da baƙin B. Sai ka ɗauko fulos na amfilifaya zuwa jan A, mainos zuwa baƙin A. Ƙafafun A za su ɗauki waya bibbiyu ke nan.

Siris a wufa ɗaya: guntuwar waya ɗaya ce tak, daga baƙin A zuwa jan B. Ƙafafu biyu sun rage babu komai a kansu, jan A da baƙin B. Fulos na amfilifaya ya tafi jan A, mainos ya tafi baƙin B. In ka ga ƙafa ɗaya da waya biyu a haɗin siris, akwai kuskure.

Wufa biyu, koyil siris, wufa faralel: yi wa kowace haɗin siris ita kaɗai tukuna. Kowace za ta bar maka ja ɗaya da baƙi ɗaya. Haɗa jajayen biyu su tafi fulos, baƙaƙen biyu su tafi mainos. Komai faralel kuma shi ne jajaye huɗu wuri ɗaya, baƙaƙe huɗu wuri ɗaya.

Guntayen wayoyin su kasance kauri ɗaya da babbar wayar, domin wutar da ke bi ta cikinsu ba wasa ba ce. Feɗe kamar santimita ɗaya, murɗa siliyoyin su haɗe, ka tura har ƙarshe. Siliya ɗaya da ta fito ta taɓa maƙwabciyarta ko ƙarfen jikin wufa ta isa ta jefa amfilifaya cikin matsala. Idan ƙafar mai danna sifirin ce kuma waya biyu sun ƙi shiga rami ɗaya, haɗa su a waje da dalma, ka fitar da wutsiya ɗaya ta shiga ramin. In babu dalma, yi amfani da mahaɗin waya mai sukuru irin na masu wayarin gida. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ta daɗewa a cikin akwatin wufa, jijjiga da zafi za su kwance ta. Guntuwar wayar da za ta zagaya daga gefe zuwa gefe ta bi ta bayan maganaɗisu, kada ta ratsa kusa da takarda, kuma kada ta toshe ramin iskar da ke tsakiyar maganaɗisun.

Kada ka haɗa koyil ɗaya ka bar ɗaya a banza don kawai ka sami om 4 daga D4. Za ta yi kiɗa, shi ya sa dabarar ke yaɗuwa. Amma wat ɗin da aka rubuta na koyil biyu ne tare. Ka bar ɗaya, ƙarfin da take iya jurewa ya ragu sosai, ƙarfin riƙe takardar ya ragu, bas ɗin ya zama sako-sako, kuma akwatin da aka auna mata bai dace da ita ba kuma.

MATAKI NA 6: GWAJI BIYU KAFIN KA RUFE AKWATI

Na farko da mita. Auna a bakin wayoyi biyun da za su tafi amfilifaya. Idan om 2 kake nema, za ka ga wajen 1.6 zuwa 1.9 bayan ka cire na wayar mita. Om 4 zai nuna 3 da ɗoriya, om 1 kuma 0.8 ko 0.9. In lambar ta yi nisa da lissafinka, koma kan zanenka. In ta nuna kusan sifili, fulos da mainos sun haɗu a wani wuri.

Na biyu da batir, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Mita ba ta san gaba da baya ba. A ce a haɗin siris ka haɗa baƙin A da baƙin B maimakon jan B. Mita za ta nuna maka lambar da kake so daidai. Amma koyil ɗaya yana tura takarda waje, ɗayan yana jan ta ciki da ƙarfi iri ɗaya. Takardar ba za ta motsa ba, sauti ba zai fito ba, mai mota zai yi ta ƙara murya, wutar duka tana komawa zafi a cikin koyil har warin ƙuna ya tashi.

To ɗauki batirin tocilar nan. Riƙe wayar mainos a gindinsa, ka ɗan taɓa wayar fulos a kansa ka ɗauke. Takarda ta yi tsalle waje da ɗan sautin "tuf". In ta shige ciki, wayoyin biyu a juye suke. In ba ta motsa ba, ko ta ɗan yi rawa kawai, koyil biyun faɗa suke yi. Da wufa biyu, sa yatsa a hankali a kan kowace, ko ka sa wani ya duba maka: dole su fita tare. Ɗaya waje ɗaya ciki yana nufin bas ɗinsu zai cinye juna, ka ga takardu suna ta aiki amma kujerar gaba ba a jin komai. Taɓawa kawai ake yi, kada ka bar batirin a manne, kuma kada ka gwada da batirin mota.

Wannan gwajin yana da amfani ko a kan koyil ɗaya ɗaya, musamman wufar da aka sake wa naɗi, domin akan juya ja da baƙi wajen mayarwa. In ka tarar da haka, bi abin da batir ya nuna, ka manta da launin.

In ba ka da mita sam, batir zai gaya maka koyil na da rai da kuma inda fulos yake, amma ba zai faɗa maka om ba. Ara mita wajen mai gyaran rediyo ko mai wayarin mota. In hakan ma ya gagara, yi haɗin siris, shi ne ba ya cutar da amfilifaya.

MATAKI NA 7: AKWATI DA LAYIN WUTA

Bar wa wayar cikin akwati tsawon da za ka iya ciro wufar ka ajiye a gefe ba tare da ta tsinke ba, amma ka ɗaure ta kada ta riƙa bugun katako. Ramin da waya ta fita a toshe shi da gam, iskar da ke fitowa ta nan tana yin fito. Bayan ka ɗaure sukurori, sake aunawa daga waje, saboda waya takan zame lokacin da ake saka wufar.

Ƙaramin om yana nufin babban ja daga batir. Amfilifaya irin ta zamani mai ba da wat 500 tana iya jan wajen amfiya 45 idan an matsa mata, mai wat 1000 kuma wajen 90, alhali altanetar ƙananan motoci da yawa ba ta wuce amfiya 80 zuwa 100 ba, ga fitilu ga na'urar sanyi. Don haka wayar wuta ta zama geji 4 idan ka doshi wat dubu. In babu, kebul ɗin walda mai kauri 25 yana yin aikin, har ya fi yawancin na kwali. Fis ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa, domin wayar yake karewa kada ta kama da wuta in ta goge a jikin mota. Wayar mainos gajera, kauri ɗaya da ta fulos, a ɗaure a ƙarfen bodi da aka kankare fentinsa.

MATAKI NA 8: SAITA GEN

Gen ba maɓallin ƙara murya ba ne. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar rediyo. In ya yi yawa, amfilifaya takan yanke kan sautin, koyil ya yi ta shan zafi, ko da haɗinka daidai yake.

Ninka wat da om, ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka. Wat 500 a om 2 ya ba da 1000, tushensa bolt 31.6. Wat 300 a om 4 ya ba da 1200, tushensa bolt 34.6. Idan jimlar RMS na wufofinka bai kai na amfilifaya ba, yi lissafin da na wufofin. Wufa biyu iri ɗaya raba wat ɗin suke yi daidai, kowace rabi.

Cire wayar sifika daga amfilifaya. Kashe ƙarin bas a rediyo da amfilifaya, mayar da gen ƙasa gaba ɗaya. Tayar da mota, kunna sautin gwaji na 50 Hz, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu. Juya mita zuwa bolt na AC, ɗora ta a wurin ɗaura sifika, ka riƙa murɗa gen a hankali har lambar ta kai abin da ka lissafa. Tsaya nan. Kashe komai, mayar da wayar sifika. In babu sautin gwaji, yi da kunne: sa kiɗa mai bas, ƙara gen har sautin ya soma kaushi, sannan ka dawo baya sosai.

IDAN KAYAN DA KE HANNUNKA BA SU DACE DA JUNA BA

D4 ɗaya da amfilifaya mai canel biyu shi ne abin da aka fi kawowa. Faralel a birij ya yi ƙasa da yawa. Mafita biyu ce. Ko ka ba kowane koyil canel ɗinsa, da sharaɗin sigina ɗaya ce ke shiga duka biyun kuma gen ɗinsu ɗaya. Ko ka yi siris om 8 ka sa a birij. Ƙarfin da za ka samu kusan ɗaya ne, tunda a birij kowane canel om 4 zai gani, kuma na biyun ya fi aminci don babu yadda koyil biyun za su sami sigina daban.

D2 biyu da amfilifaya mai ɗaukar om 1: babu haɗin da zai ba ka 1. Tsaya a om 2, kada 0.5 ya ruɗe ka.

D2 da D4 a kan amfilifaya ɗaya: ka guje shi. A faralel mai ƙaramin om ce za ta kwashi kaso biyu cikin uku na wutar, a siris kuma mai babban om. Ɗaya tana wahala ɗaya tana hutu.

Amfilifayar gida ko ta masu kiɗan biki galibi om 4 zuwa 8 take so, don haka siris ne abokinka a can.

Bayan an gama, idan fitilar kariya ta kama da zarar an kunna, cire wayar sifika ka sake kunnawa. In fitilar ta mutu, matsalar tana wajen wufa, ko wayoyi sun haɗu ko om ya yi ƙasa. In kiɗa yana tafiya sai an ƙara murya ya ɗauke, ya dawo bayan ɗan lokaci, taɓa jikin amfilifayar. Zafin da hannu ba ya iya jurewa yana nuna lodi ya yi mata nauyi ko ba ta samun iska. In kuma da sanyinta take ɗaukewa, fitilun mota suna lumshewa tare da bas, auna bolt a bakin amfilifayar lokacin da kiɗa ke bugawa. Mota a kunne ya kamata ka ga wajen 13.5 zuwa 14.4. In yana faɗowa ƙasa da 12, duba wurin da ka ɗaure mainos a bodi da kaurin wayar wuta tukuna, sannan batir da altaneta.